Ƙugin Lasifikar Gida: Laifin Wuta Ne, Na Na'ura, Ko Na Waya?

Me ya sa na'urar sauti da mutum ya zuba kuɗinsa ya saya take ƙugi ko da ba a sa mata waƙa ko karatu ba? Tambayar tsohuwa ce, amma ta ƙara yawo a bakin jama'a tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da ƙarin kuɗin wutar rukunin Band A a watan Afrilun 2024. Gidaje da dama sun koma sola da inbata, wasu kuma suna tafiya da hanya uku: wutar NEPA idan an kawo, janareta idan ta kama dole, batir da daddare. Sai ga shi hom tiyatar da take shiru a da, yanzu da an kunna ta sai a ji huuum a ƙarƙashin muryar mai karanta labarai.

Amsoshin da aka fi ji guda uku ne. Wani ya ce wutar ce ba ta da kyau. Wani ya ce kayan jabu ne, an yi maka sakiyar da ba ruwa a kasuwa. Na uku, wanda ya fi tayar mini da hankali, ya ce a karya ƙafar filogi ta sama, ƙugin zai tafi. Kowannensu ya hango wani abu, amma a mafi yawan gidaje ba a nan gizo ke saƙa ba. Ƙarar da kanta tana faɗin inda ta fito idan aka iya sauraronta, kuma bin sawunta ba ya buƙatar komai sai kunne da haƙuri da zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Ƙarar ba iri ɗaya ba ce

Akwai ƙugi mai kauri, huuum, wanda ba ya hawa ba ya sauka, kuma ya fi fitowa ta wufa, babbar lasifikar bes. Wannan muryar wutar lantarki ce da kanta. Wutar da ke cikin soket ba a miƙe take tafiya ba, kai-komo take yi, sau 50 a kowace daƙiƙa a Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Turai, sau 60 a Amurka da Saudiyya. Wannan lissafin shi ake rubutawa 50 Hz ko 60 Hz. Kunnen mutum yana kama sauti daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz, don haka 50 Hz yana can ƙasa-ƙasa, amma ana jin sa. Duk sanda wannan kai-komo ya samu kafar shiga hanyar sauti, lasifika za ta rera shi yadda take rera kowace murya, don ba ta da dabarar bambance su.

Akwai wani ƙugin da ya ɗan fi wancan siranta, yana kan 100 Hz, wato ninki biyu. Shi galibi daga cikin na'urar yake tasowa, daga sashen da ke mayar da wutar soket ta zama miƙaƙƙiya irin ta batir.

Sai zzzz mai kaifi da ke soke kunne. Asalinsa ɗaya da ƙugi, sai dai a nan siffar wutar ta lalace, ta haifar da wasu sautuka a 150 Hz da 250 Hz har zuwa dubbai. Kunne ya fi saurin kama na sama, shi ya sa kaɗan daga cikinsa ma yake hana mutum sakat.

Sai huci, shhhh, da ke fitowa ta ƙananan lasifiku masu siririyar murya. Wannan ba ruwansa da NEPA. A 1928 masana biyu na ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka, John Johnson da Harry Nyquist, suka bayyana cewa duk abin da wuta ke bi ta cikinsa yana da 'yar hayaniyar kansa, saboda motsin da zafi yake sa ƙwayoyin lantarki. Ke nan babu amfilifayar da ba ta huci, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya kai lasifika. Idan sai ka kara kunne a jikin lasifika kake ji, na'urarka lafiya ƙalau take. Idan kuwa hucin ya cika falo, yawanci an rage muryar waya ko kwamfuta ne can ƙasa, sannan aka ƙure ta amfilifaya don a rama. Sai a juya abin: a ɗaga muryar wayar zuwa kamar kashi uku cikin huɗu, a sauke ta amfilifaya.

Sauran su ne ƙas-ƙas idan an murɗa maɓallin murya, da fat idan firji ya tashi, da wani ƙugi da ba ta lasifika yake fita ba, jikin akwatin ne yake rawa. Wanda kunnensa ya kasa raba 50 da 100, akwai manhajojin waya na kyauta masu zana mitar sauti. Ya kara wayar kusa da wufa, lambar za ta fito.

Yadda abu kaɗan yake zama babba

Wutar soket bolt 230 ce a ƙa'ida. Sautin da ke fita daga dikoda ko talabijin zuwa amfilifaya kuwa, a matsakaici bai kai rabin bolt ɗaya ba. Na makirufo ma 'yan kaso ne cikin dubu na bolt. Aikin amfilifaya shi ne ta ninka wannan ɗan abu sau ashirin ko talatin ko fiye, kuma duk abin da ya shigo tare da shi, tare za ta ninka su. Yoyon wutar da bai isa ya kunna ko ƙwan tocila ba ya ishi lasifika ta yi ta gurnani dare da rana.

Kafar da yoyon ya fi shiga ita ce wayar nan mai kai ja da fari, wadda ake kira RCA ko wayar AV. Idan ka feɗe ta, za ka ga siririn zare a tsakiya, shi ke ɗauke da sauti, da saƙar jan ƙarfe da ta lulluɓe shi. Saƙar tana aiki biyu: tana kare zaren daga hayaniyar waje, kuma ita ce sifilin da amfilifaya take auna sauti da shi. Muddin babu wata wuta da ke bi ta cikinta, komai lafiya. Da zarar wuta ta fara bi, sifilin ya daina zama sifili, amfilifaya kuma ta ɗauki wannan motsi a matsayin sauti.

Zoben atin

Nan ne tushen mafi yawan ƙugin da ke bayyana a ranar da aka jona sabuwar na'ura. Ƙafa ta uku ta filogi, doguwar ta sama, tana haɗa jikin na'ura da wayar ƙasa, wadda masu wayarin suke kira atin. A tunanin mutum, atin duk ɗaya ne a gida. A zahiri kuwa, atin ɗin soket na falo da na soket ɗin ɗaki sukan ɗan bambanta da kaso kaɗan na bolt, saboda tsawon waya da irin kayan da ke jan wuta a kowane layi. Ka ɗauki randa biyu, ɗaya ruwanta ya ɗan fi na ɗaya tudu, ka haɗa su da siririn tiyo ta ƙasa: ruwa zai bi tiyon ko ba ka ce ya bi ba. To, idan amfilifaya tana soket ɗaya, talabijin yana wani, wayar sautin da ta haɗa su ta zama tiyon. Wuta ta fita ta atin ɗin wannan, ta bi saƙar wayar sauti, ta koma ta atin ɗin wancan. Zobe ya rufe. Zoben kuma yana da wani aibi: shi kansa yana tsintar maganaɗisun wayoyin wuta da tiransifomomin da ke kusa, kuma gwargwadon faɗinsa gwargwadon abin da zai tsinta.

A gidajenmu babban mai rufe wannan zobe shi ne wayar dish. Ko DStv ne, ko StarTimes, ko kwandon tashoshin kyauta, wayar tana tasowa daga ƙarfen da aka kafa a ƙasa ko aka ɗaure a kwanon rufi, ta shigo dikoda, dikoda ta haɗu da talabijin ta HDMI, talabijin ya haɗu da amfilifaya. Ƙarfen can waje yana da nasa atin ɗin, na cikin gida yana da nasa. Gwajin ba ya cin minti ɗaya: a kashe dikoda, a kwance wayar dish daga bayanta, a sake kunnawa. Idan ƙugi ya ɗauke, an kama ɓarawo.

Akwai wani kuskure da ya kamata a kauce masa a nan. Ana sayar da wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a wayar eriya don ta yanke zoben, kuma tana aiki a eriya ta yau da kullum, wadda ba dish ba. A dish kuwa, dikoda ce take aika wuta, bolt 13 ko 18, ta cikin wannan wayar zuwa kan da ke gaban kwando. Idan aka sa abin da ya tare wannan wuta, ƙugi zai tafi, hoto ma ya bi shi. Don haka a dish, ta ɓangaren sauti ake yanke zoben.

Hanya mafi tsabta ita ce wayar haske, wadda ake rubuta Optical a jikin ramin da take shiga. Kamfanin Toshiba ne ya fito da ita a 1983. Babu ƙarfe a cikinta ko kaɗan, haske ne yake ɗaukar sautin, saboda haka wuta ba ta da inda za ta bi. Idan talabijin da amfilifaya duk suna da ramin, maganar ta ƙare. Sai dai a shiga saitin sautin talabijin a zaɓi PCM idan amfilifayar ba ta fahimtar tsarin sautin Dolby, in ba haka ba za a ji shiru ko wata hayaniya sabuwa. Wanda na'urarsa ba ta da wannan rami, akwai ɗan akwati da ake sayarwa da sunan ground loop isolator, mai ƙananan tiransifomomi biyu a ciki, da ake sa shi a tsakiyar wayar ja da fari. Sauti yana tsallakawa ta maganaɗisu, wutar zoben kuma ta tsaya. Masu araha sukan ɗan rage nauyin bes. Kafin a sayi komai ma, a fara da abin da ba ya cin ko sisi: a tara filogin duk kayan sauti da kallo a ekstenshan guda mai kyau, a soket guda.

Gidan da ba shi da atin kwata-kwata

Littattafan da aka rubuta a Turai suna ɗauka kowane gida yana da atin. Mu mun san ba haka ba ne. Akwai gidajen haya da yawa da idan aka buɗe soket, waya biyu kawai za a gani, ramin na uku fanko ne. A wasu an ja wayar, amma ba ta kai ga sandar ƙasa ba. A wasu sandar tana nan, sai dai gishirin da aka zuba mata tare da gawayi ya cinye ta, ko ƙasar ta bushe ƙamas da rani har ta daina aikin kirki. A Nijar, inda filogin Faransa mai ƙafa biyu zagayayyu ya fi yawa, ana sa adafta a kan adafta har atin ya ɓace a hanya.

A irin wannan gida matsalar ta sauya fuska. Talabijin na zamani da dikoda da cajar kwamfuta duk suna da wasu ƙananan kafasitoci, wato 'yan kayan ciki masu riƙe wuta na ɗan lokaci, da ke zubar da ɗan yoyon wuta zuwa jikinsu. Inda akwai atin, can yoyon yake tafiya. Inda babu, sai ya nemi hanya, kuma hanyar da yake samu ita ce saƙar wayar sauti. Alamarsa a bayyane take: idan ka taɓa ƙarfen jikin amfilifaya ƙugin ya ragu ko ya ƙaru, ko ka ji ɗan shokin yana tsikarar bayan hannunka idan kana tsaye ba takalmi. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka zai ga cewa da ya zare caja hayaniyar ta ɗauke, da ya mayar ta dawo.

Wannan tsikara kada a saba da ita. Sau da yawa yoyon ƙarami ne, amma mai gida ba shi da ma'aunin da zai gane ranar da ya zama babba. Aikin mai wayarin ne da ya san aikinsa: ya kafa sanda, ya ja koriyar waya zuwa kowane soket, ya auna. Kuma a kula da wata dabara ta 'yan gaggawa, wato haɗa ramin atin da nutural, wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a bayan soket. Ranar da nutural ya tsinke a wani wuri, ko aka juya wayoyi a fol, jikin duk na'urorin gidan zai ɗauki cikakkiyar wuta.

Muhawarar karya ƙafar filogi

Masu ba da wannan shawara ba ƙarya suke yi ba idan suka ce tana aiki. An yanke zobe, ƙugi ya tafi nan take, ba a kashe ko kwabo ba. Hujjarsu ta biyu ita ce, ai hom tiyata da yawa da ƙafa biyu suke zuwa daga kamfani, kuma ba su kashe kowa ba.

Hujjar ta biyu ce take ruɗar mutane. Na'urar da aka ƙera da ƙafa biyu an yi mata rufin kariya ninki biyu a ciki, kuma akwai alamarta a baya: murabba'i ƙarami a cikin murabba'i babba. Wadda aka ƙera da ƙafa uku kuwa, da atin ɗin ta dogara. Idan wayar wuta ta saki a ciki ta taɓa jikin ƙarfe, atin ne zai ja wutar da ƙarfi har fis ya ƙone ko bireka ta faɗi. Idan an karya ƙafar, jikin na'urar zai zauna da bolt 230 yana jiran wanda zai taɓa, kuma wutar za ta bi wayoyin sauti ta kai ga dikoda da talabijin da makirufon da wani zai kai bakinsa. A falon da yara suke rarrafe a kan tayil, ni ban ga shirun da ya kai a yi wannan caca dominsa ba.

Masu kayan sauti na wa'azi da biki suna da wani maɓalli a jikin wasu akwatunansu da ke ɗage atin, wasu kuma suna kafa hujja da shi. Abin da maɓallin yake yankewa shi ne saƙar wayar sauti a gefe ɗaya, ba wayar kariyar da ke filogi ba. Abu biyu ne daban.

Janareta, inbata da sitabilaiza

Ƙaramin janareta sai ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da 50 Hz daidai. Da an ɗora masa firji ko dutsen guga, gudunsa ya sauka, sai a ji muryar ƙugin ma ta sauka tare da shi. Duk ƙugin da ke hawa da sauka daidai da kukan injin da ke waje, ba sai an nemi mai laifi da nisa ba. Abin da ya fi ƙugin haɗari shi ne tsallen da wutar take yi idan aka cire babban kaya farat ɗaya, ko idan mai ya kusa ƙarewa inji ya fara shaƙewa. A kashe amfilifaya kafin a tayar da janareta, kuma kafin a kashe shi.

Inbata iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai fitar da wuta mai santsi irin ta NEPA, da ake rubuta pure sine wave a kwalinta, akwai kuma mai araha da wutarta take hawa da sauka a matakala, da kusurwoyi masu kaifi. Waɗannan kusurwoyi su ne zzzz ɗin da ake ji, kuma suna sa tiransifomar amfilifaya zafi. Fankar sama tana tona asirin irin wannan inbata, domin ita ma takan yi kuka idan aka ɗauke NEPA. Babu wayar sauti komai tsadarta da za ta gyara wannan. Ko a sauya inbata, ko a raba kayan sauti da ita. Wani lokacin kuma inbatar mai kyau ce, amma an ajiye ta da na'urar cajin sola a bayan bangon da amfilifaya take, ko an bi da wayoyinta kusa da na sauti.

Sitabilaiza kuwa mutane suna ɗora mata nauyin da ba nata ba. Aikinta ɗaga wuta idan ta yi ƙasa da sauke ta idan ta yi sama. Ba ta gyara siffar wuta, ba ta yanke zoben atin. Wuri ɗaya take magance ƙugi: inda yake zuwa da magariba, lokacin da kowa ya kunna kayansa wuta ta zama lokaran. A lokacin, sashen daidaita wuta na cikin amfilifaya ba ya samun rarar da zai tace, sai ƙugin 100 Hz ya tsallake. A nan masu zargin wuta suna da gaskiya. Amma a nisanta ta da amfilifaya, don ita ma tiransifoma ce babba, idan aka ɗora ɗaya a kan ɗaya sai a sayo sabon ƙugi.

Abokan zama a soket

Cajar waya mai araha, ƙwan LED maras inganci, tsohuwar doguwar fitila mai cok, da regileton fanka na zamani da ake murɗawa a hankali, duk suna yayyanka wuta da sauri suna watsa hayaniya a layi da cikin iska. A kashe su ɗaya-ɗaya ana saurare. Ɗan abin Bluetooth da ake jonawa a amfilifaya yakan yi tsiwa idan daga ramin USB na amfilifayar yake shan wuta. A ba shi tasa cajar daban.

Dit-dit-dit ɗin nan da ake ji daf da shigowar kira kuwa, wayar hannu ce a kan layin 2G. Tana aika saƙonta a gutsure, sau 217 a daƙiƙa, kuma inda sabis ya yi rauni tana ƙara ƙarfi don ta kai ga dogon ƙarfen kamfani. Magani shi ne a ɗauke ta daga kan lasifika. Wayoyin sauti kuma kada a ɗaure su a dami ɗaya da na wuta don neman tsari. Idan dole sai sun haɗu, su gitta juna, kada su jeru.

Idan ciwon yana cikin na'urar

A cikin kowace amfilifaya akwai manyan kafasitoci masu kama da gwangwani, su ke cike gurbin da ke tsakanin bugun wuta da bugun wuta. Akwai ruwan sinadari a cikinsu da ke bushewa a hankali, kuma ƙa'idar da masu ƙera su suke bi ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. A garin da zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, ga na'ura a cikin rufaffen kabad, ga mayafin ado an lulluɓe ramukan shan iskarta, ba abin mamaki ba ne su tsufa da wuri. Alamarsu ƙugi a lasifikun hagu da dama daidai wa daida, wanda bai damu da maɓallin murya ba, kuma yana nan ko an zare duk wayoyin shigar sauti. Gyara ne mai sauƙi a wurin mai gyaran rediyo, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sabuwa ba. Sai dai kada mai gida ya buɗe da kansa, domin kafasitocin suna riƙe wuta bayan an zare filogi.

Ƙas-ƙas na maɓallin murya aikin ƙurar hunturu ne da tsatsa. Akwai maganin feshi na musamman da masu gyara suke wanke shi da shi. Rawar jikin akwati kuwa tiransifoma ce, ko dai kusoshinta sun saki, ko wutar da take samu ta yi mata yawa. Wannan ya fi samun kayan gwanjo da aka ƙera don Amurka, masu bolt 120 da 60 Hz. Ana sa musu abin sauke wuta su kama aiki, amma abin ba ya sauya 50 ta koma 60, don haka tiransifomarsu takan fi zafi da kuka a nan.

Idan aka ji fat mai ƙarfi sannan ƙugi ya biyo, ko aka ga takardar lasifika ta turo waje ta tsaya cak, ko aka ji ƙauri, a zare filogi nan take. Wannan alama ce ta miƙaƙƙiyar wuta tana kwarara cikin lasifika, kuma ba ta ɗaukar lokaci take ƙona ta.

Bin sawu

A kashe komai. A zare duk wayoyin da ke shigar da sauti cikin amfilifaya, har da HDMI da USB, a bar mata filoginta da lasifikunta kawai. A kunna, murya a ƙasa. Idan ƙugi yana nan, a gwada ta a wata wutar, NEPA maimakon inbata, ko a gidan maƙwabci. Idan ya bi ta can, ciwon a cikinta yake. Idan ya tsaya a gida, wutar gidan ce ko wani abu da ke kan layin.

Idan kuwa ta yi shiru, na'urarka ta wanke kanta, kuma a nan yawancin mutane suke samun kansu. Sai a riƙa mayar da wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ana kashewa kafin kowace jonawa. Wayar da ƙugi ya dawo da ita, ita ce bakin zaren. A sauya ta da wata a gani. Idan bai tafi ba, a koma kan na'urar da ke ɗaya bakin, a zare mata sauran wayoyinta, ta dish a farko.

Maɓallin murya ma shaida ne. Ƙugin da ke ƙaruwa idan an ƙara murya ya shigo ne kafin maɓallin, wato daga waya ko dikoda ko talabijin. Wanda bai motsa ba kuwa, ya shigo ne bayansa, a cikin amfilifaya ko a wayar da ta tafi wufa mai nata filogin. Ƙugi a lasifika ɗaya kawai kuwa kusan kullum waya ce da ta tsinke a wuya ko kanta ya saki. A musanya ja da fari, idan ƙugin ya koma ɗaya gefen, an gano ta.

Abin da ya cancanci kuɗi

Daga Sabon Gari a Kano har Alaba a Legas, za a nuna maka waya mai kan zinare a ce ita ce maganin ƙugi. Abin da ake nema a wayar sauti shi ne saƙa mai kauri, kai mai kama rami da kyau, da tsawon da bai wuce buƙata ba. Abin da ya haura wannan ado ne. Inda nisa ya yi yawa, kamar daga makirufon liman zuwa amfilifayar masallaci, a nan ne sauya irin wayar yake da amfani: mai ƙafa uku da ake kira XLR tana ɗaukar sautin a zare biyu, hayaniyar hanya ta faɗa musu daidai, na'ura ta soke ta a ƙarshe. Amma sai na'urorin biyu suna da raminta. Adafta kaɗai ba ta kawo wannan amfani.

Kuɗin da ya fi kowanne daraja shi ne na atin mai kyau da bireka mai gano yoyo, wadda ake kira RCD, da ke yanke wuta idan yoyo ya kai miliamfiya 30. Mai gina sabon gida ya gaya wa mai wayarin tun kafin filasta: soket uku ko huɗu a bangon talabijin, duk a layi ɗaya da ba a haɗa shi da firji ko famfon ruwa ba, bututun wayar dish daban da na wuta, ƙarfen dish kuma a ɗaure shi da atin ɗin gidan.